Matan 'yan biɗa: littafin aikin memuwar ɗina

Litinin, 28 Oktoba 2024, Yamai

Yau yara suka koma lakkwal a faɗin ƙasa, bayan an ɗaga ranar daga 2 ga wata saboda ambaliyar bana. Ni ma yau na buɗe wannan littafi, inda zan riƙa rubuta yadda aikin memuwar ɗina, wato kundin binciken kammala shekara ta biyu ta mastar, ke tafiya, domin abokan aiki da ke tambayata ko komawa karatu bayan an daɗe a bakin aiki yana da amfani.

Shekara tara ke nan ina aikin asistan sosiyal a wata likita a Tawa. Aikin a taƙaice: mutum ya shigo da ordonans a hannu ba kuɗin sayen magani, in zauna da shi, in bincika halinsa, in cika takarda, in nemi inda za a rage masa ko a yafe. A bakin ma'aikata sunan irin wannan mutum "ka sosiyal". A rajistata akwai gurbin sana'ar miji, kuma abin da hannuna ya fi rubutawa a wurin shi ne kalmomi uku na Faransanci, "mari en exode", wato miji ya tafi biɗa. Na rubuta su har na daina ganinsu. Ranar da na sake ganinsu ita ce ranar da wata yarinya mai goyo ta kawo ɗanta da tamowa, na tambaye ta yaushe rabon da mijinta ya aiko. Ta ce yana aikowa duk wata biyu. Na ce to ina kuɗin? Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanen goyo, ta ce, "Madan, ba gare ni suke zuwa ba."

Wannan amsar ce ta kawo ni Yamai. Malamin da ke duba aikina ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya ce, "Madan, abin da kika kawo kuka ne. Ki je ki mai da shi tambaya." Ya ba ni sati biyu.

Asabar, 9 Nuwamba, Yamai

Tambayar ta fito: idan miji ya tafi biɗa, ta hannun wa taimako ke bi kafin ya iso ga matarsa da 'ya'yansa, kuma wace ƙofa take bugawa idan bai iso ba? Malam ya karɓa.

Kwanakin nan na yi su a ɗakin karatu na LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa da aka kafa a nan Yamai a 2001. A aji an koya mana asalin sana'armu daga nesa: Jane Addams da gidan da ta buɗe wa baƙi da talakawa a Shikago a 1889, da Mary Richmond wadda ta tsara yadda ake binciken halin iyali ɗaya-ɗaya a 1917. Ina girmama su, domin takardar da nake cikawa kullum jikar aikinsu ce, ta biyo ta Faransa ta iso mana. Amma abin da ya fi kama ni shi ne tunanin Jean-Pierre Olivier de Sardan, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa LASDEL. Ya nuna cewa tsakanin dokar da ke rubuce da abin da mutane ke yi akwai wasu ƙa'idoji na aikace, ba a rubuce suke ba amma kowa ya san su yana kuma bin su, kuma duk tsarin da aka ɗauko daga wata ƙasa sai ya yi karo da su. Duk wanda ya yi wata guda a likita ya san haka da idonsa. Ban dai taɓa sanin cewa abu ne da ake iya bi a hankali a rubuta ba.

Na kuma sami madogara. Ma'anar sana'armu da ƙungiyoyin duniya suka amince da ita a Melbon a 2014 ta lissafa sanin mutanen ƙasa cikin ginshiƙan aikin. Ke nan adashe, gayya, biki, zakkar hatsi da sulhun mai gari suna da wuri a cikin memuwar, ba a gefen shafi ba.

Na tsara takardar tambayoyi 42.

Lahadi, 24 Nuwamba, Tawa

Na iso jiya da dare, bayan yini guda a kar ta Doso, Dogonduci da Ƙonni. Yau ranar kasuwar Tawa, sai na bi ta tasha da hantsi. An gama girbi, an ɗaure damma, an cika abin da za a cika na rumbu, yanzu lokacin tashi ne. Samari sun yi layi da jakunkuna da galan da aka naɗe da buhu, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Agadas daga nan sai Libiya ko Aljeriya. Tun da aka soke dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure a Nuwamban 2023, masu yin arewa sun daina ɓoye inda za su. Na tsaya kusa da wani dattijo da ya rako ɗansa. Bai yi masa dogon wa'azi ba. Ya riƙe hannunsa ya ce, "Ka ji tsoron Allah, ka tuna da gida." Ko mace ɗaya ban gani cikin masu rakiya ba. Su an yi sallama da su tun a tsakar gida.

Jihar nan ta haura mutum miliyan 3.3 a ƙidayar 2012, kuma a Adar da wuya ka shiga gidan da ba shi da ɗan biɗa. Ƙasa ce ta duwatsu da fako, damina wata uku ce zuwa huɗu, hatsin gona ba ya kai wa wata damina. Ba na rubuta wannan aiki don in zagi biɗa. Kwanon rufin gidanmu da kuɗin karatuna na farko daga Abijan suka fito, daga gumin yayana.

Takardun izini sun kammala. Ƙauyuka uku na zaɓa, ba zan faɗi sunansu ba, matan kuma lamba zan ba su.

Asabar, 7 Disamba

Sati biyu a ƙauye na farko, kuma takardar tambayoyina ba ta yi aiki ba.

Mai gari ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka yi shela, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa. Mata suka zo da yawa, da yake an ɗauka rajistar taimako ce. Ban ga laifinsu ba. Mai takarda da bik in ya zo ƙauye, ko allura ce ko rajista. Sun san tsarin tallafin da gwamnati ta fara da Bankin Duniya a 2011, wanda ya riƙa ba mata jika goma duk wata har wata 24, kuma sun san cewa amsar da ka bayar ita ke sa sunanka ya shiga ko ya fita. Saboda haka kowa ba ta da akuya, kowa mijinta bai aiko ba. Na yi bayani sau uku cewa karatu nake yi, ba abin da zan raba. Rabin tabarmar ya watse, kuma hakan ya fi mini.

Matsala ta biyu ta fi girma. Tambaya ta 4 tana cewa, wane ne mai gida? Matar ɗan biɗa za ta ce mijinta, wanda ke Tiripoli shekara uku. To wa ke buɗe rumbu? Baban miji. Wa ke auna tiyar da za a daka? Uwar miji. Wa ake kira a salula in kuɗi sun zo? Ƙanen miji, shi ke hawa kabu-kabu ya je gari ya karɓo a wurin masu aika kuɗi, ya cire na mai, ya miƙa wa tsoho. Tsoho ya biya bashin hatsin bara, ya ware na taki, ya ba tsohuwa na cefane. Matar da aka rubuta a takardata a matsayin mai amfana tana iya samun jika guda ta sabulu, tana iya rasawa. Duk wannan tafiyar, takardata gurbi ɗaya ta tanadar mata.

Kuma ba wadda za ta faɗi haka a ƙofar mai gari, ga surukarta zaune a bayanta. Kunya ba ta barin ta ko ambaci sunan mijin.

Na ajiye takardar. Yanzu da asuba nake bin su rijiya, da hantsi in zauna inda ake sussuka da daka. Lamba 3 ta miƙo mini taɓarya ta ce in ina son magana in taya ta, hannunta ba ya zama banza. A bakin turmin nan ta gaya mini cewa abin da ke riƙe da ita gamanarta ce, ɗan filin da aka yanka mata ta shuka gujiya da kuɓewa da yakuwa, sai kuma asusun da suke zubawa dala ashirin-ashirin duk Alhamis, irin tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maradi a 1991. Da ɗanta ya yi zazzaɓi cikin dare, daga akwatin asusu aka ranta mata kuɗin kabu-kabu. Kuɗin Libiya sun zo bayan kwana goma sha ɗaya.

Alhamis, 19 Disamba

Hira 14 na naɗa a salula. Sanyi ya sauko sosai, tari ya kama yara. Na aika wa Malam sabon tsari: tambayoyi bakwai kawai, buɗaɗɗu, da zanen hanyar kuɗi na kowane gida, daga hannun mai aikowa har bakin tukunya. Ya amsa da kalma ɗaya, ya ce in ci gaba.

Lahadi, 12 Janairu 2025

A farkon watan nan aka ji a rediyo cewa an koro 'yan Nijar sama da 600 daga Libiya, an sauke su a Dirku cikin manyan motoci. Kafin in isa ƙauye na biyu labarin ya riga ni. Ina sauka mata suka kewaye ni, wai tunda ni ma'aikaciya ce ko ina da sunayen.

A nan na haɗu da Lamba 9, wadda tun ranar ba ta fita raina ba. Ba ta shiga cikin masu tambaya ba. Sai da aka watse ta biyo ni bayan danga, ta kwance bakin mayafinta ta fiddo wata 'yar takarda da aka yage daga kayen ɗan lakkwal, ta yi laushi kamar tsumma saboda naɗewa da buɗewa. Lambar waya ce ta Libiya, bik ɗin ya soma bajewa. Ta ce, "Yaya, ki gwada da taki, wataƙila tawa ce ba ta shiga." Na gwada a gabanta sau biyu. Ba ta shiga.

Shekara shida da tafiyarsa. Shekara biyun farko yana aike. Daga nan aka kira gida daga Sabha aka ce yana gidan bashi, wurin da ake tsare mutum ana dukansa ana sa iyayensa su ji kukansa a waya har sai sun biya. Tsohon ya sayar da sa da wani yanki na gona aka aika. Ya kira sau ɗaya ya ce an sake shi, zai wuce gaba. Yau shekara huɗu ke nan ba a sake jin muryarsa ba. Ba a ce ya mutu ba balle a yi sadaka ta yi takaba, ba a kuma aiko mata da takardar saki ba. An yi mata aure tana da shekara goma sha biyar, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ana aurar da su kafin 18. Yanzu ba ta wuce ashirin da biyar ba, da 'ya'ya biyu, ƙaramar ba ta taɓa ganin ubanta ba.

Na koma masauki na duba duk takardun da na taɓa cikawa a aiki. Akwai gurbin matar aure, da na sakakkiya, da na wadda mijinta ya rasu, da na budurwa. Taimakon marayu yana son shaidar mutuwa. Taimakon mata masu riƙe da gida yana son a ce ita ce mai gida. Lamba 9 ba ta shiga ko ɗaya. A takarda matar aure ce mai miji a ƙasar waje, wato ma tana cikin masu sauƙi. Na tabbata wannan shi ne zuciyar memuwar ɗin, kuma babi na uku zai koma kansa gaba ɗaya.

Lahadi, 26 Janairu, Tawa

Sati biyu ina bin ƙofofin da mace irin Lamba 9 za ta iya bugawa.

Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda da ya hau kan kowa. An yi yunƙuri fiye da sau ɗaya, na baya-bayan nan a 2011, bai wuce ba. Don haka aure da saki da gado, ga yawancinmu, al'ada ce ke hukunci, al'adar kuma a nan ta cuɗe da fiƙihun Malikiyya. Mai gari da sarki suna da ikon sulhu, alƙali a gidan shari'a yana zama da masana al'ada a gefensa.

Na je wurin wani malami dattijo a unguwarmu wanda mata ke kai wa ƙara. Ya sa aka shimfiɗa mini buzu daga gefe, ya saurare ni, ya ce, "Ɗiyata, ai malamai sun gama wannan magana tun da daɗewa." Ya warware mini ita dalla-dalla. Matar wanda ya ɓace takan kai maganarta ga alƙali. A bincika. In ba a same shi ba, a yanka mata shekara huɗu, in sun cika ta yi idda wata huɗu da kwana goma, sannan ta sami damar aure. Wannan in ya bar dukiyar da ake ciyar da ita ke nan. In bai bar komai ba, tana iya neman a raba auren saboda rashin ci da sha, kuma wannan ba ya jiran shekara huɗu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda lissafin ke farawa. Ba daga ranar da ya tafi ake ƙirga shekara huɗun ba, sai bayan ta kai ƙara. Ke nan shekarun da Lamba 9 ta yi tana kwance bakin mayafi tana duba lamba, ko kwana ɗaya ba a ƙirga mata ba. Na tambayi malam me ya sa mata ba su sani ba. Ya ce sani wasu sun sani, kai ƙarar ne nauyi. Wadda ta je gaban alƙali kamar ta ce wa surukanta ɗanku ya mutu ne, ko kuma na gaji da ku. Kuma in aka raba, 'ya'yan da suka tasa gidan uba ake barin su. Ya ce shi da kansa ba ya fara wannan magana sai mace ta kawo ta.

A shekara tara na aiki ba wanda ya koya mini wannan, kuma a aji ma ba a koyar da shi. Ina ganin kuskure ne babba a yaye ma'aikacin jin daɗin jama'a a ƙasar nan ya san dokokin Faransa na kare yara amma bai san hukuncin matar wanda ya ɓace ba.

Asabar, 8 Fabrairu

Mun yi doguwar waya da Malam, ba mu rabu a kan ra'ayi ɗaya ba. Na gaya masa ina so in koma in faɗa wa Lamba 9 abin da na samo. Ya ce in yi hattara: mai bincike in ya fara gyara abin da yake dubawa, ya ɓata ma'auninsa, kuma in maganar ta fita cewa Madan mai takarda tana raba aure, ƙauyuka ukun duk za su rufe mini ƙofa, har da wanda zai zo bayana. Gaskiya ya faɗa. Na ce masa, "Malam, kafin in zama ɗalibarka ma'aikaciya ce ni. In na san ƙofa na ɓoye mata don memuwar ɗina ya yi kyau, na ci amanar aikin." Ya yi shiru, sannan ya ce in kammala hirarrakin ƙauyen tukuna, in gaya mata ita kaɗai, kada in ba ta shawarar abin da za ta zaɓa, kuma in rubuta duk abin da na yi a babin hanyoyin bincike ba tare da na rage komai ba. Na yarda da sharuɗɗan.

Wata hanyar kuma ta ƙuntata. A satin nan aka ji cewa gwamnati ta umarci CICR, wato Kuruwa Ruj ta duniya, ta rufe ofisoshinta a ƙasar, ita ce kuwa aka sani da aikin neman waɗanda suka ɓace a ƙetare. Zan je reshen Kuruwa Ruj ta ƙasa a nan Tawa da sunan mijin da lambar nan.

Asabar, 22 Fabrairu

Na gaya mata, a gamanarta, tana tsinke busasshen karan yakuwa. Ta saurara har na gama. Na zaci za ta tambayi inda alƙali yake. Sai ta ce, "Yaya, in na tahi, wa za ya ɗebo ma Inna ruwa?" Abin da take so uku ne: a gano mata ko yana raye, kada a karɓe gamanar tunda ƙannen miji sun fara maganar raba gona, kuma a yi wa yaranta takardar haihuwa don babban ya kai shiga lakkwal. Maganar alƙali ta ce in riƙe mata, ta ji, wata rana tana iya nema.

Kafin in tafi Innar ta aiko a kira ni. A zanen hanyar kuɗi da nake yi, uwar miji ita ce inda kibiya ke tsayawa, kuma in faɗi gaskiya na shiga ɗakinta da hukuncina a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta jawo wata tsohuwar jakar buhu daga ƙarƙashin gado ta buɗe: rigarsa ce ta sallah da hula, an wanke an naɗe da ƙullin kanumfari a ciki. Ta ce duk shekara tana fiddo su ta shanya ta mayar. Ta ce, "Ɗiyata, an ce kina rubuta matan da aka bari. Ni ba a bar ni ba?" Ta ce ta san yarinyar tana cutuwa, ta san ƙuruciyarta na tafiya, amma ranar da ta ce mata tafi, ranar ta binne ɗanta da bakinta.

Ban sami abin cewa ba sai addu'a. Da na fito na zauna a gindin bedi na soke taken babi na huɗu. Na ƙara hira da uwayen miji a cikin tsarin, aƙalla biyu a kowane ƙauye. Aikin zai ƙara wata guda, kuma dole ne.

Talata, 18 Maris, Tawa

Yau ranar ma'aikatan jin daɗin jama'a ta duniya, Talata ta uku a Maris. Na yi ta a ɗaki da abin sauraro a kunne. Azumi ya raba tsakiya, zafi ya fara, kuran yana zuwa yana tafiya, don haka bayan sahur nake aiki har hantsi. Hira 31 gare ni, na kwafe 19. Hirar minti arba'in tana cin mini awa huɗu.

Juyawa zuwa Faransanci ita ce wahalar. Kusan kowace mace ta ce "ina haƙuri". In na sa kalmar Faransanci guda, ta zama mai jira kawai. Alhali a bakin Lamba 3 haƙuri aiki ne da take yi tun asuba, a bakin Lamba 9 matsayi ne da take karewa a gidan, a bakin Inna kuwa ibada ce. Haka "zaman jiran miji", haka "an bar ta da Allah". Na yanke shawarar barin maganar kowace mace da Hausarta a cikin rubutun, fassara ta biyo a ƙasa.

Lahadi, 6 Afrilu

An yi sallah lafiya. Sabon kundin da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Na tambayi Malam ko za a bar ni in haɗa taƙaitawar memuwar da Hausa, shafi biyar, wadda za a iya karanta wa matan da suka ba ni bakinsu. Ya ce zai kai maganar gaba, amma in rubuta ta ko da ba a sa ta cikin kundin ba. Babi na ɗaya da na biyu sun tafi gare shi.

Talata, 13 Mayu, Tawa

Ranar matan Nijar, tunawa da tattakin da suka yi a Yamai a 1991 don a ba su wuri a shirin taron ƙasa. An yi bikin a gari da anko. Ni da safe gidan shari'a na je.

Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa. In sun wuce, sai alƙali ya yi hukuncin da zai maye gurbin takardar. A ƙauyukan nan uku an ɗauka uba ne kaɗai ke iya kai maganar, shi ya sa 'ya'yan 'yan biɗa da yawa ke tashi ba takarda, sai an zo jarrabawa a fara gudu. Ba haka dokar ta ce ba, uwa ma tana iya yi. Lamba 9 ta zo da kanta a motar kasuwa, da mai gari da ungozomar da ta karɓi haihuwar a matsayin shaidu. Inna ce ta ba ta kuɗin mota daga ƙullin zanenta. Da magatakarda ya tambayi sunan uban yara, ta yi jim, ta dubi ƙasa, sannan ta faɗe shi a hankali. Wannan ne karo na farko da na ji sunan daga bakinta. An ce mu dawo bayan sati biyu.

Maganar gamana mai gari ya ce zai tara ƙannen mijin kafin shuka, ya kuma yarda a rubuta abin da aka yanke a takarda. Daga Kuruwa Ruj ba labari tukuna, sun karɓi sunan da lambar.

Inda aikin yake: an kwafe hira 31 duka, da shida na uwayen miji. Babi na uku ya kai rabi. Malam ya dawo da na biyu da jan bik a kusan kowane shafi, yana so in rage labari in ƙara kwatanta gida da gida, kuma zan yi. A shawarwarin ƙarshe abu biyu nake son in kare a gaban alƙalan sutanans, wato zaman kare memuwar: a ƙara gurbi a takardar binciken hali na matar da mijinta ya ɓace, da tambayar hannun da kuɗi ke sauka, sannan a sa hukuncin aure na al'ada da na fiƙihu cikin karatun asistan sosiyal.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, motocin Ƙonni sun fara sauke masu dawowa shuka da katifu da buhunan shinkafa a kan kaya. Ina so in yi hira da mazan su ma, aƙalla takwas, kafin ruwa ya sauka kowa ya shige gona. Jibi Alhamis zan koma ƙauye na farko, ranar zubin asusu.